Matar Kan Tabarma a Fim ɗin 'Yan Sakandare

Shekarun baya, lokacin da korona ta sa aka kulle mu a gida a Kuala Lumpur, na tsiri wani aiki da babu wanda ya sa ni, wato sharhin tsofaffin finafinai. Waɗanda suka daɗe a shafin nan za su tuna. Wasu matan sun koyi gasa burodi, wasu sun yi saukar Alƙur'ani, ni kuwa baiwar Allah na zauna ina faɗa wa duniya ra'ayina a kan finafinan da masu yin su ma sun manta da su.

A Brickfields muke zaune a lokacin, unguwar Indiyawa, can saman wani dogon bene. Maigidana yana digirinsa na uku, ni ina fama da yara biyu. Unguwa ce da ba ta san shiru ba. Kiɗa daga shagunan atamfarsu, masu saƙa furanni a bakin titi, ƙararrawar wurin bautarsu, ƙamshin kori ta ko'ina. Da aka kulle gari duk wannan ya ɗauke ɗif. Tagarmu tana kallon layin dogon da ke shiga babbar tashar KL Sentral, sai in tsaya in ga jirgi ya wuce, fitilu a kunne, kujeru reras, babu ko mutum ɗaya a ciki. Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Hankaki ne kaɗai suka rage da baki a unguwar.

A shekara ta biyu ciwon ya shigo gidanmu, kuma ni ya zaɓa. Aka gwada ni, aka ɗaura min wani awarwaron roba ruwan hoda a hannu, alamar kada a gan ni a waje, aka ce in killace kaina. Maigida ya kwashe littattafansa daga ƙaramin ɗaki ya shimfiɗa min katifa. A bakin ƙofa ake ajiye min abinci, a ƙwanƙwasa, a gudu. Mafi yawa tapau ne, wato abincin sayarwa da ake ƙunsowa, daga shagon mamak na Musulmin Indiyawa da ke ƙasan bene, don girkin maigidana wata jarrabawa ce ta daban. Ni dai ba na jin ƙamshi, ba na jin ɗanɗano, da abincin da kwalin da aka zubo shi duk ɗaya ne a bakina.

To mai zazzaɓi da ba ta da abokin hira me za ta yi? Sai na ce bari in nemo wani fim da na kalla tun ina ƙaramar sakandare, in yi muku sharhinsa.

A gidan kakarmu Hajiya muka tashi a Kano, ni da yayata, don mahaifiyarmu ta rasu ban yi arba'in a duniya ba. Yaya ta girme ni sosai, ita ce uwar, ita ce ƙawar. Ita ke karɓo mana kaset a shagon haya na bakin layinmu, mu jira Hajiya ta tafi unguwa, mu rufe tagogi mu saka. A haka na fara ganin wannan fim.

Irin finafinan Amurkan nan ne na 'yan makaranta, na shekarun casa'in. Wata yarinya ce mai buga ganga a ƙungiyar kiɗan makarantarsu, bakinta ba ya shiru, da wani ɗan ƙwallo mai ji da kansa da ya karye a ƙafa, aka ce tunda ba zai iya wasa ba ya riƙa taya 'yan kiɗa ɗaukar kaya. Daga nan kun san sauran. Faɗa, harara, faɗa, sai a wayi gari ana soyayya. Da na sake kallo da idon uwar yara biyu, dariya ta kusa shaƙe ni. Ɗaliban nan wasu sun isa aurar da 'ya. Tun daga farko har ƙarshe ban ga wanda ya buɗe littafi ba. Babu mai tsare 'yan makara, babu shara, babu bulala. Yarinya ta ɗauki mota ta fita, uban yana ɗaga mata hannu. Na tuna Hajiya, wadda ko shagon bakin layi za ka sai ta ji wa za ka gani da abin da za ku ce. Amma duk da haka fim ɗin yana da daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Yarinyar ta iya tsiwa, kuma akwai wurin da yaron yake ƙoƙarin hawa bene da sanduna yana rungume da ganga, wanda ko yanzu na tuna sai na murmusa.

Wajen la'asar ne, hadari ya haɗo. Wanda ya zauna a garin nan ya san ruwan la'asar ɗinsa, yadda gari ke rufewa ya yi baƙi kamar magariba ta yi. Ban tashi na kunna fitila ba, jikina ba ƙarfi. Ina kwance, kwamfuta a kan matashi kusa da fuskata, an zo wurin rawar ƙarshen shekara, yarinyar ta shigo zauren da doguwar riga, yaron ya juyo.

Sai hoton ya yi rawa. Layuka suka gilma daga ƙasa zuwa sama, irin na tsohon kaset. Kiɗan ya ɗauke.

Tsakar gida ce. Ƙasa ce ba siminti ba, rana ta haska rabinta. Wata mata tana zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu. Fuskarta a ɗan kumbure, irin ta wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Ba ta kallon mai ɗauka, tana kallon wani a bayansa. Ta ɗaga hannu ta yi yafuce sau biyu, a hankali. Ta ce, "Ku miƙo min ita."

Layukan suka sake gilmawa, sai ga Turawa suna rawa.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne ban ji tsoro ba. Cewa na yi a raina, au, ga wurin nan. Don na san wurin. Na gan shi a falon Hajiya ina yarinya, a daidai nan, kuma ya zauna min a kai a matsayin wani yanki na fim ɗin. Na ƙarasa kallo, na jawo waya na rubuta sharhina, zazzaɓi na riƙe da alƙalamin. Na yi tsiyar gemun ɗaliban, na yabi mai ganga, sannan a ƙarshe na rubuta cewa har yau ban gane abin da ya sa masu fim ɗin suka saka matar nan ta kan tabarma mai cewa a miƙo mata ita ba, amma a wurina ta fi kowa iya wasa. Na saka a shafi, na yi barci.

Da na farka na tarar an cika min shafi da dariya. "Hajiya wace tabarma kuma?" "Anti which version kika kalla, na Kasuwar Kurmi?" Wata ta ce in rage shan maganin mura. Sai a lokacin hankalina ya fara dawowa. Bahaushiya, a fim ɗin Amurka, tana Hausa? Na buɗe kwamfutar na koma wurin rawar. Yarinya ta shigo, yaro ya juyo, suka yi rawa. Na mayar baya. Ta shigo, ya juyo, suka yi rawa. Babu layi, babu tsakar gida.

Na kira maigida ta bayan ƙofa na ce ya duba a wayarsa. Na ji shi yana jan hoton gaba da baya.

"Babu komai fa," ya ce. "Zazzaɓi ne kawai. Jiya ma ai kin ce labule yana numfashi."

"Na gan ta, Malam."

"Na yarda kin gan ta. Ki sha magani ki kwanta."

Da a nan abin ya tsaya, da ni ma na bi ku mun yi dariya. Amma washegari da hantsi wani bawan Allah ya turo min saƙo ta gefe. Ban san shi ba, ya dai ce ya daɗe yana karanta sharhina. Ya tambaye ni ko a Kano na tashi, ya faɗi sunan unguwarmu, ya faɗi shagon hayar kaset na bakin layi, har da benci mai ƙafa uku da ke ƙofar shagon. Na ce ƙwarai. Sai ya rubuto: "Matar nan, koren zani ne a jikinta da farin ɗankwali? Akwai randa a gefenta na dama?"

Ban rubuta kalar zani a sharhina ba. Ban ambaci randa ba, amma haka na gan ta. Na zauna na jingina da bango.

Ya ce duk yaran layin na lokacin sun san ta. Aljanar kaset suke kiranta. Samari sukan karɓo fim ɗin ba don soyayyar Turawa ba, sai don a ga wa zai iya tsayawa ya kalle ta ba tare da ya kau da kai ba. Ana cewa in ta yafuto ka kuma ka amsa, shi ke nan. Ya ce shirmen yara ne, amma shi kansa ya yi kwanaki ba ya yarda ya shiga banɗaki shi kaɗai. Muka ɗan yi raha, har na fara jin sanyi a raina, tunda ashe ba haukacewa na yi ba, tsohon tunani ne zazzaɓi ya tono. Sai ya ƙara da wani saƙon.

"Amma Hajiya abu ɗaya ne ban gane ba. Matar ba ta magana. Bakinta dai yana motsi, amma kaset ɗin shuuu kawai yake yi a wurin. Na kalla ya fi a ƙirga. Ke a ina kika ji muryarta?"

Na rufe kwamfutar na tura ta ƙarƙashin katifa, kamar hakan zai yi wani amfani.

A ranar ne ciwon ya juya. Numfashina ya fara gajarta, in na tashi zuwa banɗaki sai na huta a hanya. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna lambar iskar da ke jikin mutum, kullum na duba ta ɗan sauka. Ruwa ya sake saukowa da la'asar, ɗakin ya yi duhu, jiragen nan marasa mutane suna ta wucewa a ƙasa. Ni kuwa magana ɗaya ce ke yawo a kaina. Ku miƙo min ita. Muryar ba ta da ban tsoro, a gajiye take, mai taushi, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali. Na duba ɗakin. Katifa, gorar ruwa, sallaya. Babu wata "ita" a ciki sai ni. A kwanakin nan kuwa kusan kullum sai an turo sanarwar rasuwa a zauren matan 'yan Najeriya da ke wayata, wani a gida, wani a nan.

Na matsa jikin ƙofa na kira maigida. Na fara gaya masa inda takardun yara suke, da cewa in wani abu ya faru ya kai su wurin Yaya, kada ya bar su a hannun kowa.

"Don girman Allah ki daina," ya ce. Ban taɓa jin muryarsa a haka ba. "Fim ne fa. Fim ɗin yara. Ki yi ta'awwuzi."

Na ji ya zauna a ƙasa ta wancan gefen, bayansa a jikin ƙofar, ya fara karatu a hankali. Da ya idar ya ce, "Kira Yaya. Ai tare kuka kalla."

La'asar ce a wurinmu, a Kano hantsi. Na same ta a kicin, ta jingina wayar da wani abu tana yanka albasa.

"Auta, ya jikin? Kin rame fa."

Na ce da sauƙi. Na tambaye ta ko ta tuna fim ɗin mai ganga da mai karyayyar ƙafa. Ta ce ta tuna, ba ta ɗago ba. Na ce, "Yaya, wace ce matar nan ta kan tabarma?"

Wuƙar ta tsaya. Ta juya ta kashe risho, ta wanke hannu, ta goge da zaninta, duk ina kallo. Ta jawo kujera ta zauna.

"Wa ya tayar miki da wannan maganar?"

Na ba ta labari tun daga farko. Da na zo kan abin da matar ta ce, sai ta katse ni.

"Me kika ce ta ce?"

"Ku miƙo min ita."

Ta ƙura min ido. Na zaci layin ne ya tsaya, sai da na ji muryarta.

"Auta, babu murya a kaset ɗin nan."

"Haka aka ce min."

"Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko Hajiya."

"Gaya musu me, Yaya?"

"Umma ce," ta ce. "Ranar sunanki ne."

Hoton mahaifiyarmu guda ɗaya na sani, ɗan ƙarami baƙi da fari na fasfo, ta haɗe rai, ya ma koɗe. Ba zan taɓa haɗa shi da matar kan tabarma ba. Yaya ta ce mai shagon hayar nan, kafin ya buɗe shago, shi ne mai ɗaukar bidiyon biki a unguwa. Babanmu ya kira shi ranar suna. Da Umma ta rasu bayan 'yan makonni, Baba bai iya zuwa ya karɓi kaset ɗin ba, shi kuma mai shagon ya ajiye har ya manta na waye. Shekaru suka wuce, ya buƙaci kaset, ya ɗora fim ɗin Turawa a kai. Wataƙila wuta aka ɗauke masa yana cikin ɗorawa, ɗan wurin nan ya tsira.

"Ranar da muka saka, ina ganin randar na gane gidanmu na da," in ji Yaya. "Kin tuna na tashi na ce zan duba tukunya? Babu tukunyar da na ɗora. Bayan gida na shiga na toshe bakina."

Na tuna. Na tuna har haushinta na ji, don ta bar ni ni kaɗai a wuri mai daɗi.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In ce miki me? In ce ga uwarki can, wadda yaran layi suke kira aljana? Kina 'yar mitsitsiyarki?" Ta share ido da bayan hannu. "Na mayar da shi don kada Hajiya ta gani. Na yi ta jan ƙafa, ina jin nauyin in je in yi wa mutumin bayani. Da na daure na je, ya ce mata sun daina karɓa, suna cewa yana firgita musu yara, ya ɗora wasan Indiya a kai. Har ƙarshe ya ɗora, bai bar komai ba."

Ruwa yana dukan taga a wurina, a wurinta zakara yana cara.

Na ce, "To maganar fa? Ita wa?"

"Ke mana. Ni ce nake riƙe da ke, ina tsaye a bayan mai bidiyon. Tun safe mata suke karɓarki hannu zuwa hannu, ita ba ta da ƙarfin tashi. Shi ne ta yafuto ni ta ce, ku miƙo min ita. Haka ta faɗa, ba ƙari ba ragi."

Na ce, da ƙyar, "Yaya, to ko kirana take yi?"

Nan Yaya ta koma Yayar da na sani. Ta matso da fuskarta jikin wayar.

"Ke, saurara. An riga an miƙa mata ke. Ni na miƙa da hannuna. Ta ɗora ki a cinya, ta shinshina kanki, ta riƙe ki har aka kira la'asar, ba ta ba kowa ba. Sannan ta kira ni ta mayar min da ke, ta ce riƙe ta da kyau. Ta dawo da ke, kin ji ko? Ni aka ba, kuma ban sake ki ba. Ki ba ni mijinki in ji me ya sa har yanzu ba a kai ki asibiti ba."

Na tura wayar ta ƙarƙashin ƙofa. Ina jin maigida yana "To Yaya, to Yaya, in sha Allah Yaya," kamar ɗalibi a gaban hedimasta. A yammacin aka zo aka ɗauke ni. Na yi 'yan kwanaki ana saka min iska, a wani dogon ɗaki cike da matan Malay da ke ta ba ni dabino, muna magana da hannu don ba ma jin yaren juna sosai. A can na goge sharhin, don na kasa jure ganin fuskokin dariya a jere a ƙarƙashin maganarta, ko da yake na san babu wanda ya yi da mugun nufi. Allah ya ba ni lafiya na dawo gida.

Maigidana, da yake ɗan boko ne, ya samo bayani. Ya ce tun ina yarinya na karanci motsin bakinta ban sani ba, ƙwaƙwalwa ta ajiye, zazzaɓi ya saka masa murya. Zai iya yiwuwa. Ban yi masa musu ba, kuma ban ce na ga abin da ya fi ƙarfin hankali ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne da na kwaikwayi muryar a waya, yadda ta ja ƙarshen maganar, Yaya ta ce in daina, ta kashe wayar, sai washegari ta kira.

Mai shagon ya rasu tuntuni, shagon ma an rushe an yi wani gini. Babu kaset, babu kwafi. Abin da ya rage na motsin mahaifiyata a duniya yana cikin kawunan waɗansu mutane da suka kai shekaruna, waɗanda suka taɓa zama a falon gidajensu suna rufe ido da hannu don kada ta yafuto su. Da farko wannan ya yi min ciwo ƙwarai. Yanzu kuwa wani lokacin sai in ga ai ta shiga gidaje da yawa, an san kalar zaninta, an san inda ta jingina, har wani baƙo ya riƙe randarta a kansa tsawon shekarun nan ya kawo min har Malaysiya.

Don haka in akwai wani a cikinku da ya tashi a unguwarmu, ya taɓa karɓo fim ɗin mai ganga a shagon bakin layi, ya ga wata mata mai koren zani ta ɗaga hannu, ba kai take kira ba, kuma ba aljana ba ce. Mahaifiyata ce, tana jego, tana son a ba ta 'yarta. Ku sa ta a addu'a.